ZARE: Sunaye biyar da aka raɗa wa ciwon ƙanena bayan sanƙarau na 1996

1/ Jama'a, yau dogon zare ne. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Tarihin sunayen cuta zan ba ku: sanƙarau, shan inna, farfaɗiya, taɓin hankali, faralayis, gashin ƙashi. Daga ina suka fito, kuma me suka jawo mana. Da gidanmu zan fara, don a can na ga abin da idona.

2/ Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Dambatta, arewa da birnin Kano. Wanda ya san yankin, daga Minjibir zuwa Makoɗa, daga Kunchi zuwa Bichi, ya san ba daji gare mu ba. Gona na manne da gona, gida na hango gida. Wannan cunkoson shi ke ciyar da mu, shi ne kuma ke ba annoba ƙafa.

3/ Shekarar 1996, zamanin Abacha. An sha ruwa a watan Fabrairu, hunturu ya janye, zafi ya shigo. Tsakanin ƙaramar salla da babba sanƙarau ya rufe Arewa, ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk lokaci guda. Lissafin da likitoci suka fitar daga baya: mutum 109,580 suka kamu a Najeriya, 11,717 suka rasu.

4/ Ni ina ɗan firamare a lokacin, ƙanena yana da shekara 4. Yaro ne mai surutu, har ana ce masa rediyo. Wata ranar da yamma ya ce kansa na ciwo. Kafin asuba jiki ya yi zafi rau, yana amai, ba ya son haske, wuya ya ƙage, ƙeya ta koma baya kamar ana jan ta da igiya.

5/ Abin da aka fara cewa: iska ce. Ai an gan shi da tsakar rana a gindin tsamiya. Aka yi turare, aka karɓo rubutu. Sai a kwana na biyu Baffanmu ya shigo, ya sa hannu ƙarƙashin kan yaron ya gwada ɗagawa, yaron ya ƙwalla ƙara. Ya dubi Babanmu ya ce, "Yaya, wannan sanƙarau ne. Mu tashi yanzu."

6/ A bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti. Innarmu ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba: ɗakuna sun cika, marasa lafiya a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya, ledar ƙarin ruwa a rataye jikin reshe. Aka yi masa wata allura mai kauri kamar mai. Allah Ya yi da sauran kwana, ya rayu.

7/ Amma ba rediyon da muka sani ne ya dawo gida ba. A kira shi ba ya juyowa. Hannun dama ya naɗe a ƙirji, ƙafar dama a sanƙare, da ɗan yatsa yake takawa. Maganarsa ta riƙa raguwa har ta ɗauke. Bayan wasu watanni ya fara faɗuwa yana jijjiga. Daga nan aka shiga raɗin suna.

8/ Kakarmu ta ce shan inna ne. Maƙwabta suka ce farfaɗiya, suka janye yaransu. A makarantar allo aka ce bebe. Wani ɗan'uwa da ke zaune a birni ya ce faralayis. Yaran unguwa suka ce mai taɓin hankali. Suna biyar, yaro ɗaya. Kowane suna kuma da ƙofar da yake aika ka.

9/ To bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don sunayen nan ba rana ɗaya aka haife su ba. Ni na kasa su hawa uku, kamar tsohon gini da kowane zamani ya ɗora nasa: hawan iskoki, hawan malamai, hawan asibiti. Har yau a cikin ukun muke kwana.

10/ Hawa na farko. Shan inna: wace Innar? Ba uwa ba ce, ba gwaggo ba. A wurin masu bori, Inna babbar iska ce, wasu su ce Doguwa, wadda in an saɓa mata take shanye ƙafa ko hannun mutum. Don tsoro da girmamawa ake kiranta da sunan uwa. Sunan cutar kansa hukunci ne: an riga an faɗi wanda ya yi.

11/ Ba zancen baka kaɗai ba ne. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a 1946 mai ɗauke da sunayen iskoki da abin da ake danganta wa kowanne. Elisha Renne ma, a littafinta na 2010 kan siyasar foliyo a Arewa, ta bi sawun wannan suna.

12/ Ga inda gizo ke saƙar. Cutar da asibiti ke kira foliyo, wadda muka bar wa sunan shan inna, galibi laka take kamawa, wato igiyar da ke cikin ƙashin baya. Ƙafa ta saki, ta yi laƙwas, ta rame. Amma ji da magana da basira suna nan garau. Shi ya sa za ka ga mai shan inna ya zama lauya ko injiniya.

13/ Raunin ƙwaƙwalwa kuwa sau da yawa akasin haka yake: gaɓa ba ta saki, ƙagewa take yi. Ka ja hannun ya ja ka. Alama biyu mabambanta, wuri biyu mabambanta a jiki. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ta ga ƙafa ba ta aiki ta kira sunan da ta gada. Ba laifinta ba ne, kalma ɗaya aka bar mata.

14/ Amma kada ku raina kakanni. Dubi sanƙarau: daga sanƙarewa. Wanda ya raɗa sunan ya kama babbar alamar da likita ke dubawa har gobe, wato ƙagewar wuya. Dubi farfaɗiya: faɗuwa a kai a kai. Waɗannan ba su zargi kowa ba, abin da ido ya gani suka faɗa. Baffanmu da sunan gargajiya ya ceci yaron.

15/ Matsalar farfaɗiya ba sunan ba ne, kayan da aka ɗora masa ne. Wai yawun mai ita na yaɗa ta. Wallahi ba ta yaɗuwa, ko da yawu ko da taɓawa. Wutar saƙonnin ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci, kuma tabon da sanƙarau ko buguwar kai ya bari na iya jawo ta. Saboda wannan camfin aka ware wa ƙanena kwano.

16/ Hawa na biyu: malamai. Likitancin Larabci na da sunaye daki-daki. A littafin Alƙanun na Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, akwai sakta, bugun da ke kayar da mutum farat ɗaya; akwai falij, mutuwar ɓarin jiki; akwai laƙwa, karkacewar fuska; akwai sar'u, farfaɗiya. Kowanne da babinsa.

17/ Ibnul Ƙayyim ma da ya zo maganar sar'u kashi biyu ya yi ta: wadda ake dangantawa da aljanu, da wadda ke tasowa daga jiki, ta likitoci. A nan ƙasar, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani. Wato ilmin rarrabewa ya iso mu tuntuni.

18/ Sai dai da Larabci ya zo, a zauren malamai ya tsaya. Bai shiga cikin gida wurin mata masu jinya ba. Abin da ya tsallaka soro rabin maganar ne: aljanu. Ɗaya rabin, cewa akwai farfaɗiyar da ciwon jiki ce zalla, ya maƙale a cikin gafaka.

19/ Hawa na uku: asibiti. Turawa sun ci Kano a 1903. A 1905 aka rubuta babbar annobar sanƙarau ta farko a wannan yanki, kuma daga Arewacin Najeriya ta taso. Ita ƙwayar cutar tun 1887 wani likita a Biyana, Anton Weichselbaum, ya gano ta. Daga nan annobar ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru.

20/ A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar inda take yawan faɗawa, ya kira wurin ɗamarar sanƙarau. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a ciki, daga Senegal zuwa Habasha. Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram, duk muna tsakiyar ɗamarar.

21/ Yadda take aiki: ƙwayar na zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya. Ƙurar hunturu da bushewar iska su raunana hanci da maƙogwaro, a kwana da yawa a ɗaki ɗaya, tari ya kai ta ga wani. Ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ya kumbura ya yi mugunya.

22/ Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. In ciki ya kumbura, ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa. Hanyoyin jini su toshe, wani sashe ya mutu. Can cikin kunne ma ya lalace. Tana iya kisa cikin awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 1 cikin 5 na waɗanda suka tsira suna fita da tabo na dindindin. Kwana biyun da muka yi muna turare, ku auna.

23/ Dole in taɓo abin da ya faru a birni a wannan shekarar. A Asibitin Zana, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani, Trovan, kan yara. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. 11 suka rasu, wasu suka fita da kurumta, shanyewar jiki da raunin ƙwaƙwalwa. Ƙanena ba ya cikinsu.

24/ Jaridar Washington Post ta fasa ƙwan a Disambar 2000. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75. A 2011 aka fara biyan iyalai huɗu, kowanne dala 175,000.

25/ Ku lura, tsakiyar rigimar nan magana ce: me aka faɗa wa uwa, da wane harshe, ta gane ko ba ta gane ba. Kuma tabon bai tsaya a 1996 ba. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, har zuwa Yulin 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

26/ Mu koma gida. Shekara kusan uku muna yawo da sunaye biyar. Shan inna ya kai mu gidan mai magani, aka yanka akuya. Faralayis ya kai mu wurin wanzami, aka yi ƙaho, wai mataccen jini ne. Mai ɗori ya ja hannun har yaron ya suma. Taɓin hankali ya sa wani ya kawo shawarar mari. Innarmu ta ce sai dai a ɗaure ta tare da shi.

27/ A ƙarshe wani malamin firamarenmu ya matsa aka kai shi birni, sashen gashi. Wata ma'aikaciya ta duba shi, ta tambayi tarihi, ta dubi Innarmu ta ce, "Mama, ba cuta biyar ke damunsa ba. Ciwo ɗaya ne ya bar masa tabo a ƙwaƙwalwa da kunne. Hankalinsa kuma lafiya lau, ji ne ba ya yi."

28/ Innarmu ta ce, "'Yar nan, to me ya haɗa kai da ƙafa?" Ta ce, "Ƙafar lafiyarta ƙalau, Mama. Mai ba ta umarni ne ya ji rauni." Ta nuna mata ɓarin hagu na kan yaron. Innarmu ta ce ai dama ce ta mutu. Ta yi murmushi ta ce haka Allah Ya tsara: hagun ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki.

29/ Daga baya na karanta cewa tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna akwai cibiyar furta magana a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa dattijon da hawan jini ya kayar, in dama ta shanye, sau da yawa magana ma takan tafi. Mu kuwa sai mu ce an ɗaure masa baki, a shiga zargin kishiya.

30/ Hausa ba ta da suna tsayayye ga wannan rashin maganar. Mutum na jin ka, ya san abin da yake so, kalmar ce ta ƙi fitowa, ko ta fito a juye. Ba bebantaka ba ce, ba hauka ba ce. Rashin sunan ya sa ake yi wa dattijo magana kamar yaro, ana zancensa a gabansa, yana hawaye an rasa dalili.

31/ Ga wata kalmar mai rikita mu: jijiya. Hanyar jini jijiya, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Likita ya ce matsalar jijiya ce yana nufin ta saƙo, majinyaci ya ji ta jini, ya wuce wurin mai ƙaho. Kowa ya yi Hausa, ba wanda ya fahimci wani.

32/ Sai gashin ƙashi. Wannan sana'a ta shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara digirinta a 1966. A Kano an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959. A ganina daga nan sunan ya samo kama: mun san gashi da ruwan zafi da tsumma, mun ga ana yi a gidan ƙashi.

33/ Sunan ya yi mana rowa. Mai raunin ƙwaƙwalwa ba ƙashinsa ake gasawa ba. Koya wa ƙwaƙwalwa sabuwar hanya ake yi, ta maimaici: kama cokali, saki, kama, saki, sau ɗari. Sashen da ya tsira ya karɓi wani abu daga aikin wanda ya mutu. Wanda ya ji "gashi" kwanciya zai yi a yi masa. Alhali shi ne mai aikin.

34/ Kuma abin na da lokaci. Bayan shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan sauƙin a watanni 3 zuwa 6 na farko ake samunsa. Gaɓar da aka bari a naɗe, tsokarta gajarta take yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu mun kai namu bayan shekara uku. Ƙafa ta samu, yana tafiya ba sanda. Hannu bai buɗe ba har yau.

35/ Hatta suma asibiti ya yi mata ma'auni. A 1974 likitoci biyu a Glasgow, Teasdale da Jennett, suka tsara awon da a yau yake daga 3 zuwa 15: buɗe ido, magana, motsi. Mu ma muna da kalmomin: gigita, ɗimuwa, magagi, suma, doguwar suma. Hausa ba ta rasa kaya ba. Jera su ne ba mu yi ba, balle mu koya wa masu jinya.

36/ Mafi ciwo a cikin biyar ɗin shi ne taɓin hankali. A yankinmu da an ce "sai Dawanau" an gama da kai, saboda asibitin masu larurar hankali da ke can. Su ma marasa lafiya ne da suka cancanci mutunci. Amma yaron da kawai ba ya ji, in ka sa shi a wannan layin, ka rufe masa makaranta, sana'a da aure.

37/ Ku kula da tazarar da ke tsakanin taɓin ƙwaƙwalwa da raunin ƙwaƙwalwa. Taɓi na nufin wani abu ya taɓa ka, a je a nemo shi. Rauni kuwa kowa ya san shi: ana jinyarsa, yana warkewa ko ya bar tabo, ba abin kunya ba ne. Yanzu kuma an samu galahanga, ana tura yara masu larura iri-iri cikin buhu ɗaya.

38/ Abin da ya buɗe wa ƙanena duniya shi ne maganar hannu. Kurame a ƙasar Hausa na da harshensu tun da daɗewa, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi littafi a kan na Kano a 2000. A birni akwai makarantar Tudun Maliki. Shi a kasuwa ya koya, wurin wasu kurame biyu masu sayar da igiya, da hannunsa na hagu.

39/ An samu ci gaba, kada in yi butulci. A Disambar 2010 aka fara rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso, ya iso Najeriya a 2011, nau'in A da ya yi mana ɓarna a 1996 ya kusa ɓacewa. A 2017 nau'in C ya kashe sama da mutum 1,000, galibi a Zamfara, Sakkwato da Katsina. A Maris 2024 Najeriya ta riga kowa fara Men5CV mai kare nau'i biyar.

40/ A Janairun 2019 an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. A rediyo an koma cewa masu buƙata ta musamman. Madalla. Amma a ƙauye har yau in yaro ya tashi daga sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa kai, ko shawarar jarirai, ko ya faɗo daga babur, tsofaffin sunayen nan ke jiransa a ƙofar gida.

41/ Don haka ga abin da nake roƙo ku riƙe. Zazzaɓi da ƙagewar wuya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura: asibiti a daren, addu'a a hanya. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe: asibiti nan take. Mai jijjiga: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta, kada a cusa masa cokali a baki.

42/ Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuma, a gwada jinsa tun kafin a ce ya zama miskili. In likita ya faɗi sunan da ba ku gane ba, ku ce, "Likita, a ina ciwon yake, me za mu riƙa yi masa a gida?" Ba rashin kunya ba ne. 'Yan'uwa ma'aikatan lafiya, don Allah ku sauko da bayanin yadda waccan baiwar Allah ta yi wa Innarmu.

43/ Ƙanena yanzu ya haura shekara 30. Yana shan maganin farfaɗiyarsa, an daɗe ba ta tashi ba. Kiwon tumaki yake yi, ran Lahadi yana kasuwar Dambatta, kuma dillalin da ya ce zai cuce shi a lissafi ya tara ya samu. Yana da mata da 'ya'ya biyu. Ta farin surutu ne da ita kamar me, sunan rediyo ya dawo gidan.

44/ Na nuna masa zaren nan kafin in saki. Ya karanta a hankali, ya tsaya a kan sunaye biyar ɗin, ya ƙirga su da yatsu. Sai ya nuna kansa, ya yi alamar tabo, ya ɗaga yatsa ɗaya.

A garinku me ake kiran irin wannan larura? Ku rubuto min, da sunan garin. Ina tattarawa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.